Alhassan Dantata: Falken da ya fara da asusu, ya bar kasuwancin da ya rayu bayansa

A ranar 17 ga Agusta, 1955, Allah Ya yi wa Alhaji Alhassan Dantata rasuwa a birnin Kano, a lokacin da ake lissafa shi a matsayin attajirin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Attajirai da dama sun yi tashe a zamaninsa, amma dukiyarsu ta watse da rabon gado. Tasa kuwa ta tsaya, har yau jikoki da tattaɓa kunne suna kan turbar da ya shata. Ga duk mai cin gashin kansa a sana'a, tarihin wannan bawan Allah yana nuna yadda ake ɗaga ƙaramin jari a hankali har ya tsaya da ƙafafunsa.

An haife shi a shekarar 1877 a garin Bebeji da ke ƙasar Kano, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda suka shahara da fataucin goro zuwa Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi falke ne, kuma ya rasu Alhassan yana yaro ƙarami. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce. Bayan rasuwar mijinta ta tafi Ankara, babban birnin ƙasar Gana a yau, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa aka samo laƙabin Dantata.

Rayuwar almajirci ya yi a Bebeji, yana karatun allo yana kuma neman abin kai wa baka. A nan ya koyi ɗabi'ar da ta zama ginshiƙin kasuwancinsa, wato tattali. Duk ɗan abin da ya samu, sai ya ware wani kaso ya jefa a asusu. Yana ɗan kimanin shekara 15 ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa, tafiyar da ta buɗe masa ido game da hanyoyin goro da kasuwannin bakin teku.

Bayan ya dawo gida ne Yaƙin Basasar Kano ya ɓarke a 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Rikicin ya rutsa da shi da 'yan uwansa, aka kama su, sai da aka fanshe su kafin su samu 'yanci. Saurayin da ya rasa uba, ya yi nesa da uwa, ya kuma ɗanɗana zaman kamu, ya sake ɗaura ɗamarar fatauci daga tushe.

Abin da ya fara bambanta shi da sauran fatake shi ne lura da sauyin zamani. Ayarin jakuna kan shafe watanni tsakanin Kano da Gwanja, ga haɗarin 'yan fashi, ga kuɗin fito, ga goro mai saurin lalacewa. Wajen shekarar 1906 Dantata ya fara ɗora goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Legas. Kwanakin tafiya suka ragu, asara ta ragu, jarin da a da ake juyawa sau ɗaya a shekara ya zama ana juya shi sau da yawa. Zaman bakin teku ya kuma koya masa mu'amala da kamfanonin Turawa da rubuta lissafin shige da fice.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka fara jigilar kaya sosai a 1912. Turawan mulkin mallaka auduga suka sa rai za su kwasa, amma manoman Kano suka karkata ga gyada, saboda ta fi kuɗi, kuma ko ba a saya ba ana iya cinta. A daidai wannan zamani ne haƙar kuza ta bunƙasa a tsaunukan Jos, sai dai a can kamfanonin Turawa ne suka riƙe filayen haƙa da injuna, akasarin 'yan ƙasa kuwa lebaranci ya rage musu. Gyada ta sha bamban. Tana hannun dubban ƙananan manoma a ƙauyukan da Bature bai san hanyarsu ba, don haka dole ya nemi ɗan ƙasa da zai tattaro masa ita. Wannan giɓi ne fataken goro suka cike.

Dantata bai yi gaggawar shiga ba. Attajirai irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo sun riga shi. Shi sai da ya dawo Kano da zama, ya kafa gida, sannan a 1918 ya karɓi aikin sayen gyada a madadin kamfanin Niger Company, wanda a 1929 ya haɗe da wani kamfani suka zama UAC. Zuwa 1922 ya riga ya zarce takwarorinsa na Kano a dukiya.

Sirrin wannan saurin ɗaukaka yana cikin tsarin da ya gada daga fataucin goro. Yakan ba yaransa da wakilansa kuɗi tun kafin kaka, su shiga ƙauyuka su ƙulla ciniki da manoma, su kawo gyada idan an girbe. Ciniki ne da ya dogara kan amana da sanin asalin mutum. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa jari, har shi ma ya zama mai gidan kansa. Ta haka kasuwancin ya daina dogara da ƙafafun mutum ɗaya, ya zama hanyar cin abincin ɗaruruwan magidanta, kowannensu yana da dalilin son ya ɗore. Buhunan da suka taru suna jiran jirgin ƙasa su ne aka riƙa jerawa har suka zama dalar gyada, wadda ta zama alamar arzikin Kano.

Duk da wannan nasara, bai saki goro ba. Ya ci gaba da cinikin shanu da tufafi da duwatsun ado da hatsi. Amfanin hakan ya bayyana lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe daga 1929, farashin gyada ya faɗi warwas. Wanda ya zuba dukan jarinsa a haja ɗaya ya ji jiki, mai haja da yawa kuwa yana da inda zai jingina. A reshen bankin Bank of British West Africa da ke Kano kuma, Dantata ya kai ajiyar tsabar azurfa da aka yi lodinta a kan raƙuma 20. Yaron da ya fara da asusu bai sauya hali ba, ma'ajin ne kawai ya sauya.

Akwai sauran ƙalubale guda. Komai yawan gyadar da ya saya, shi wakili ne, kamfanin Turawa ke yanka farashi, shi ke kuma kwasar riba mafi tsoka. A 1940 ya nemi izinin saye da fitar da gyada da sunan kansa, aka hana shi, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Bai ɓata da kamfanin da yake wa aiki ba, bai kuma janye burinsa ba. Sai a kakar 1953 zuwa 1954 ya samu lasin sayar wa hukumar cinikin amfanin gona kai tsaye, ba tare da ya bi ta hannun kowa ba. Ya jira wannan dama fiye da shekara 10.

A fannin addini, ya sauke farali tun a farkon shekarun 1920, ya kuma ɗauki nauyin aikin Hajjin mutane da dama. An san shi da sauƙin kai a ci da sutura, abin da ya sa ribar kasuwa ke komawa kasuwa maimakon ta ƙare a hidimar nuna isa.

Matakinsa na ƙarshe shi ne shirya abin da zai biyo bayansa. Ya sa 'ya'yansa cikin harkar tun yana da ƙarfinsa, ya tattara ta ƙarƙashin kamfanin Alhassan Dantata and Sons. Da ciwon ajali ya kama shi, ya yi musu wasiyya da su haɗa kai, kada su bari kamfanin ya wargaje. An binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari. Ɗansa Ahmadu ya jagoranci kamfanin har zuwa rasuwarsa a 1960, sannan Aminu ya karɓa, wanda shi ma ya rasu a watan Yunin 2025. Ta wajen ɗansa Sanusi kuma aka samu Hajiya Mariya, mahaifiyar Alhaji Aliko Dangote.

Dalar gyada ta ɓace daga Kano tun shekarun 1970, bayan fari da cutar gyada da kuma karkatar ƙasa ga man fetur. Gidan Dantata bai ɓace tare da ita ba, domin tun asali ba a kan gyada aka gina shi ba. An gina shi ne a kan tattali, da riƙon amana, da rarraba jari, da haƙurin jiran lokacin da ya dace. Allah Ya jiƙansa da rahama.