Abubakar Rimi: Gwamnan da ya gina wa Kano gidan talabijin, ya bar makullinsa a gidan gwamnati

A kan titin Maiduguri, a unguwar Hotoro ta birnin Kano, akwai gidan talabijin na gwamnatin jiha wanda matasan yau suka sani da ARTV. Iyayensu kuwa, na birni da na ƙauyukan Bichi da Ɗambatta da Minjibir, har gobe CTV suke kiran sa, wasu ma su ƙara da lambar tashar, wato 67. Haruffa biyu na farkon sabon sunan na mutumin da ya kafa gidan ne, Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan farar hula na farko a tsohuwar jihar Kano. Ana yawan tunawa da shi saboda soke haraji, da rigimarsa da fadar Kano, da kaifin harshensa. Ba a cika tsayawa a kan gidan talabijin ɗin ba, alhali a nan ne ake ganin abin da ya gane game da mulki, da kuma inda ganewar tasa ta tsaya.

An haife shi a 1940 a ƙauyen Rimi da ke ƙasar Sumaila, kudu da birnin Kano. Ya samu horo a Cibiyar Koyon Harkokin Mulki ta Zariya, ya koyar a makarantar horar da akawu a Sakkwato, daga baya ya tafi Ingila inda ya yi digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa a Jami'ar Sussex. Ya yi aiki a Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje da ke Legas, sannan ya shiga majalisar da ta tsara kundin tsarin mulki tsakanin 1977 da 1978. Siyasarsa ta gidan Malam Aminu Kano ce. Da aka kafa jam'iyyar PRP ya zama mataimakin sakatarenta na ƙasa, kuma ba shi aka fara tsayarwa takarar gwamna ba. Injiniya Salihi Iliyasu ne ɗan takarar, sai da aka hana shi tsayawa sannan tuta ta faɗo hannun Rimi. Ranar 1 ga Oktoba, 1979 ya sha rantsuwa, bai kai shekara arba'in cif ba.

Matakin da ya fi kafa sunansa a karkara shi ne soke haraji da jangali. Wanda bai san ƙasar noman da ke arewacin Kano ba zai iya ɗaukar wannan ƙaramin abu. A can gida na jingine da gida, gona na manne da gona, gado ya yanka filaye har sun zama ƙanana, manomi na dogaro da takin gida da na birni don ya samu gero da dawa da gyaɗar da za su kai shi wata damina. A irin wannan wuri haraji ba kuɗi ba ne kawai. Shi ne igiyar da ta taso daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, ta ƙare a wuyan magidanci, wanda sau da yawa sai ya sayar da hatsi da kaka, lokacin da ya fi araha, ko ya kai akuya kasuwa, ko ya tafi cirani, don ya biya. Tun zamanin NEPU ake kuka da wannan igiya. Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka tsinka ta. Ya kafa hukumar ilimin manya wadda ta kai ajin yaƙi da jahilci ƙauyuka har ta samu yabo daga UNESCO, ya ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, shekara guda kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu, ya matsa wajen kai wutar lantarki karkara. Magoya bayansa suka laƙaba masa Limamin Canji.

Sai dai gwamnan adawa a Jamhuriya ta Biyu yana da wata matsala da soke haraji ba ta warwarewa: wa zai faɗa wa mutane abin da ya yi, kuma da wane baki? Talabijin a Najeriya daga siyasar yankuna ya samo asali. Obafemi Awolowo ya buɗe na farko a Ibadan a 1959, gwamnatin Sardauna ta buɗe na Kaduna a 1962. Amma gwamnatin soja ta tattara dukkan gidajen talabijin ƙarƙashin hukuma ɗaya ta tarayya, NTA, da dokar 1977. Da farar hula suka karɓi mulki, wannan hukuma ta koma hannun gwamnatin NPN ta Shehu Shagari, haka ma Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda babu muryar da ta kai tasa ratsa ƙauyukan Arewa. Gwamnonin adawa sun yi ta ƙorafin cewa waɗannan kafofi na jam'iyya mai mulki ne a aikace. Kundin tsarin mulkin 1979 ya bar wa jihohi damar mallakar gidajen watsa labarai, don haka suka shiga gina nasu. Lateef Jakande ya yi a Legas. Rimi ya kafa jaridar Triumph, ya riƙe Rediyon Kano da kyau, ya kuma ɗaura niyyar gidan talabijin.

Kafin niyyar ta nuna, gida ya rabu. Zaman da Rimi da Balarabe Musa suke yi da gwamnonin UPN da GNPP, gwamnoni tara masu kiran kansu na ci gaba, bai yi wa shugabannin PRP daɗi ba. Jam'iyya ta dare biyu, 'yan Taɓo suna tare da Malam Aminu, 'yan Santsi suna tare da gwamnonin biyu. A watan Disamba na 1980 rikicin Maitatsine ya ci dubban rayuka a birnin. A watan Yunin 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa. Cikin wannan zafi ne gwamnatin Rimi, wadda tuni ta ƙirƙiri sababbin masarautu daga cikin ƙasar Kano, ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar 10 ga Yuli, 1981 gari ya kama da wuta. Aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad, malamin Jami'ar Bayero. Yana da kyau a lura da wuraren da masu tarzoma suka nufa: ban da ofisoshin gwamnati, sun far wa Rediyon Kano da kamfanin Triumph. Waɗanda suka tsara abin sun san inda ƙarfin gwamnan yake. Takardar tuhumar kanta kuskure ce ta mutumin da ya auna hujjarsa bai auna garinsa ba, kuma wani ne ya biya da ransa.

Rimi bai janye ba, CTV ta fara watsa shirye-shirye kafin ya bar mulki. Lambar 67 ɗin nan tana da labari. Tashoshin jihohi na wancan zamani akasari a kan zangon UHF suka samu gurbi, NTA kuwa tana zaune a kan VHF wanda akwatunan da ke hannun mutane suka saba kamawa. Mai son ganin sabuwar tasha sau da yawa sai ya nemi wata eriya, ya ɗaure ta a doguwar gora ko ƙarfe, ya tura yaro kan soro yana juyawa har hoto ya daina yayyafi. A ƙauye kuwa akwatin kansa ne babu. Inda wuta ta kai, gidan dagaci ko na wani ɗan kasuwa ko malamin makaranta ne ke da shi, a fito da shi ƙofar gida bayan sallar isha'i, yara a gaba a ƙasa, manya a baya kan tabarma. Inda ba ta kai ba, batirin mota ne ko janareta.

Waɗannan mutane ba baƙin hoto mai motsi ba ne. Tun zamanin Turawa motar majigi ke shiga ƙauyuka, a kafa farin ƙyalle a filin makaranta ko ƙofar gidan hakimi, a nuna fim kan tsafta ko noman auduga ko rangadin manya, mai sharhi yana fassarawa da lasifika. Majigi ya koya wa ɗan karkara abu guda: hoton da ya zo daga hukuma saƙon hukuma ne, ana kallon sa, a ɗauki na ɗauka. Da wannan idon ya tarbi talabijin.

Shi ya sa abin da masu kallo suka riƙe daga CTV ba shi ne abin da aka gina ta dominsa ba. An gina ta don labarai da jawaban gwamna, su kuwa wasan kwaikwayo suka so. NTA Kaduna tana da Samanja na Usman Baba Pategi, kuma tun ƙarshen shekarun 1970 NTA Kano ke nuna finafinan Indiya waɗanda suka shiga zuciyar mata da matasa. Sabuwar tashar jiha tana buƙatar abin da zai cika mata lokaci da Hausa, ga kuma ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano suna neman inda za a gan su. Daga wannan haɗuwa aka samu 'yan wasa da masu ɗaukar hoto da masu tsara shiri da suka koyi aiki a gaban kyamara da bayanta. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990, fim ɗin da ake ƙirgawa a matsayin mafarin Kannywood, ƙasar ta riga ta sha ruwa. Babu wata hukuma da ke auna yawan masu kallo a ƙauyukan Kunchi ko Tsanyawa a lokacin. Ra'ayinsu a majalisar dare da bakin kasuwa da wurin mai shayi yake fita, kuma a kan layin siyasa yake rabuwa: ɗan Santsi ya ga tashar da ta ba talaka fuska, ɗan Taɓo da ɗan NPN su ga kakakin Rimi da aka saya da kuɗin kowa. Dukansu biyu ba su yi ƙarya ba.

Nan ne raunin aikin yake. Rimi ya ga illar tashar da ke hannun shugaban ƙasa, maganin da ya kawo shi ne tashar da ke hannun gwamna. Gwamnati ke naɗa shugabanta, gwamnati ke biyan albashinta, ita kuma ta san wanda ba a ɓata wa. Ba a daɗe ba ya ɗanɗana abin da ya shuka. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. A watan Mayu Rimi ya ajiye mulki don ya yi takara a jam'iyyar NPP, ya bar kujera ga mataimakinsa, Abdu Dawakin Tofa. Ya faɗi zaɓe a hannun Sabo Bakin Zuwo na PRP, wanda ya rushe sababbin masarautun, ya kuma mayar da silimar Palace asibiti. Jarida da rediyo da talabijin ɗin da Rimi ya tanada suka wayi gari a hannun abokin hamayyarsa, bayan wata uku kuma, da juyin mulkin 31 ga Disamba, suka koma hannun soja. Kotun soja ta zamanin Buhari ta ɗaure shi bisa tuhumar almundahana, sai a zamanin Babangida ya fito.

Akwai wani abu da ya faru nesa da Kano a tsakiyar waccan rigima, wanda ba lallai ne wani ɗan Santsi ko ɗan Taɓo ya kula da shi ba. Ranar 12 ga Agusta, 1981, wata guda da kwana biyu bayan tarzomar Yuli, kamfanin IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa ta kan tebur a Amurka, shekara huɗu bayan Apple II. A Najeriyar lokacin kwamfuta kayan jami'a ce da banki da manyan kamfanoni. Talabijin baki ɗaya ne da kunnuwa dubu, don haka duk faɗan a kan wanda zai riƙe bakin ne. Ita wannan na'ura, da jikokinta da suka ƙanƙance har suka shiga aljihu, kowa take bai wa baki. Rimi ya zo daf da wannan sauyi ta wata ƙofar da har yau ake yi masa gori a kanta. Bayan ya mara wa Abiola baya a SDP, ya karɓi muƙamin ministan sadarwa a gwamnatin Janar Sani Abacha daga 1993 zuwa 1995. A ƙarƙashinsa NITEL take, kamfanin da samun layin wayarsa kan ci watanni da kamun ƙafa. Mutumin da ya yi yaƙi da kakagidan tarayya a kan talabijin ya zauna a kan kakagidan tarayya na tarho, ya kuma sauka ya bar shi yadda ya same shi. Wayar salula ta GSM sai a 2001 ta zo.

Ƙarshen zamanin Abacha ya same shi a ɗaya ɓangaren. Yana cikin 'yan siyasar da suka fito suka ƙi amincewa da tazarcen Janar ɗin, aka tsare shi a 1998 kamar yadda aka tsare tsohon abokin tafiyarsa Sule Lamido. Yana cikin waɗanda suka kafa PDP, ya nemi tikitin shugaban ƙasa a 2003 bai samu ba, ya fita zuwa AC, ya sake dawowa. A waɗannan shekaru muryarsa ta fi fita a sashen Hausa na BBC da gidajen rediyo masu zaman kansu irin Freedom, wadda aka buɗe a Kano a 2003, wato kafofin da ba shi ya gina ba kuma babu gwamnan da ke naɗa shugabanninsu. A watan Janairun 2006 aka kashe matarsa, Hajiya Sa'adatu, a gidansu na Kano.

Ranar 4 ga Afrilu, 2010, yana dawowa daga jihar Bauchi da dare, 'yan fashi suka tare motarsa a hanya. Ba su harbe shi ba, amma jikinsa ya rikice bayan sun sake shi, ya cika a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da kimanin shekara 70. Babbar kasuwar Sabon Gari na ɗauke da sunansa, kwalejin horar da malamai ta Kumbotso ta ɗauki na matarsa, CTV ta zama ARTV. A Bichi da Ɗambatta jikokin waɗanda suka zauna kan tabarma suna jiran hoto ya daidaita yanzu a waya suke kallon Arewa24 da finafinai masu dogon zango, su rubuta ra'ayinsu a ƙasan bidiyon tun kafin ya ƙare, su zagi gwamna ko su yabe shi a Facebook da TikTok. Shugaban gidan talabijin na Hotoro kuwa har yanzu gwamna ne ke naɗa shi.