Kulod Mone, Mai Zanen Haske

A ƙasar Faransa an yi wani mashahurin mai zanen hotuna, sunansa Kulod Mone. Da Faransanci ana rubuta sunan nan Claude Monet, amma ba a furta harafin ƙarshe. An haife shi a birnin Faris ran 14 ga watan Nuwamba, 1840. Yana da shekara biyar iyayensa suka koma Lahabar, wani gari mai tashar jiragen ruwa a bakin teku, inda ubansa ya shiga ciniki.

Tun yana makaranta hannunsa ba ya rabuwa da fensir. Yakan zana fuskokin malamai da na manyan gari, ya ƙara wa wannan hanci, ya ƙara wa wancan kai, mutane su yi ta dariya, har suka fara saye. Ubansa ya so ya gaje shi a ciniki, amma zuciyar yaron tana wajen zane.

Ana nan sai ya gamu da wani mai zane wanda ake kira Budan. A zamanin nan yawancin masu zane a cikin ɗaki suke aikinsu. Shi kuwa Budan a fili yake nasa. Ya ja yaron zuwa bakin teku, ya nuna masa yadda launin ruwa da na gajimare suke sākewa daga hantsi zuwa la'asar. Fita da fenti ta yi sauƙi a lokacin, domin tun 1841 aka ƙago 'yan gwangwanaye masu taushi, waɗanda ake matsawa fenti ya fito, a rufe kuma ba ya bushewa. Daga nan Mone ya ƙudura a ransa, haske zai riƙa zanawa.

Cikin 1859 ya tafi Faris neman ƙarin ilmi. A 1861 aka ɗauke shi soja, aka kai shi Aljeriya, inda hasken ranar Afirka ya ba shi mamaki ƙwarai. Ciwo ya kama shi, ya komo gida a 1862, ya ci gaba da koyo.

Lokacin da aiki ya fi yi wa mai zane irinsa daɗi shi ne bazarar Turai. Ita ba kamar bazarar ƙasar Hausa take ba, wadda ke da zafi. A can, in hunturu ya shiga, sai itatuwa su kakkaɓe ganye, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, yini ya gajarta. Daga watan Maris zuwa Mayu sai sanyi ya ragu, yini ya ƙara tsawo, itatuwa su yi toho, tuffa ta yi fure fari fat. Amma furen nan ba ya daɗewa. Wanda ke son ya zana shi, sai ya yi hanzari.

A 1866 Mone ya fara wani babban hoto na mata huɗu a cikin lambu. Ƙyallen zanen ya fi mutum tsawo nesa, hannunsa ba ya kaiwa sama. Maimakon ya koma ɗaki, sai ya haƙa rami a lambun, ya riƙa saukar da ƙyallen ciki in zai zana samansa. Da ya gama, ya aika da shi babban nunin hotuna na Faris. Alƙalan nunin suka ƙi shi. A lokacin nan kuwa, wanda alƙalan suka ƙi, da wuya ya sami mai saye. Talauci ya kama Mone, bashi ya yi masa yawa, wani lokaci ko kuɗin fenti ba shi da su. Duk da haka bai bar hanyarsa ba.

A 1870 ya auri Kamil. Cikin shekarar nan yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamusawa, suka gudu Landan. Da suka komo a 1871, suka zauna a bakin Kogin Sen. Nan ya sami wani ɗan jirgin ruwa, ya yi masa rumfa, ya mai da shi ɗakin zane. Yakan tuƙa shi zuwa tsakiyar kogi, ya zauna yana zana inuwar itatuwa a kan ruwa.

Da suka gaji da alƙalan nan, Mone da abokansa, su wajen talatin, suka shirya nasu nunin a watan Afrilu, 1874. Cikin hotunan akwai nasa na fitowar rana a tashar jiragen Lahabar. Wani marubucin jarida ya yi musu ba'a, ya ce aikin bai ƙare ba, ya laƙaba musu suna Impresiyonis, watau masu zana abin da ido ya fara gani. Maimakon su ji haushi, sai suka karɓi sunan. Da shi duniya ta san su har yau.

Kamil ta rasu a 1879, ta bar shi da 'ya'ya maza biyu. A watan Afrilu, 1883, ya koma wani ƙauye mai suna Jiberni, kimanin mil 50 daga Faris, ya kama hayar gida mai lambu. Wata rumfar ajiya ya gyara ta zama ɗakin zanensa.

Ga yadda yake aiki in bazara ta zo. Tun da asuba yakan tashi ya duba sama. In gari ya yi kyau, sai ya fita da ƙyallayen zane da yawa. Ya fara wannan da hasken safiya. Da haske ya sāke, sai ya ajiye shi ya ɗauki wani. Kashegari, in lokacin ya zagayo, ya koma kan na farko. Wata yarinyar gidansa, Balanshi, takan turo masa kayan a baro. In kuwa hadari ya taso, sai ya shiga ɗakin zane, ya jera hotunan a bango, ya yi ta dubansu yana gyarawa.

Wata rana bazara ta kusa ɓata masa aiki. A 1889 ya tafi kwarin Kogin Kuros, ya fara zana wata tsohuwar itaciya wadda ba ta da ganye ko ɗaya. Ruwan sama da sanyi suka yi ta tsai da shi. Kafin ya gama, watan Mayu ya shiga, itaciyar ta yi toho. Sai ya tafi wurin mai ita, ya yi masa tayin faran 50 na kuɗin Faransa. Aka kawo mutum biyu da tsani, suka tsinke sabon ganyen, Mone ya ƙarasa hotonsa.

Sannu a hankali mutane suka gane gwanintarsa. A 1890 ya sayi gidan nan na Jiberni. A 1891 ya nuna hotuna 15 na tarin dammunan alkama, kowanne da irin haskensa, masu saye suka yi rububinsu. A 1892 ya auri Alis, uwar Balanshi. A 1893 ya sayi wani fili kusa da gidan, ya nemi izinin jawo ruwa daga rafi don ya yi tafki. Manoman wurin suka ƙi da fari, suna tsoron kada baƙin tsire-tsirensa su ɓata ruwan da dabbobinsu ke sha. Daga baya aka ba shi izini. Ya shuka bado a tafkin, ya gina 'yar gada irin ta Japan. Hotunan badon nan da ya zana sun kai wajen 250.

Da tsufa ya zo, jarrabawa ta zo tare da shi. Alis ta rasu a 1911. A 1912 likita ya gaya masa yana ta fara rufe idanunsa. Babban ɗansa ya rasu a 1914, shekarar da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi. Launuka suka fara rikice masa, shuɗi ya dushe, kome ya koma ja-ja. Ga mai zane, babu asarar da ta fi wannan. Amma bai ajiye buroshi ba. Yakan karanta sunan launi a jikin gwangwani, ya jera fentinsa kullum a wuri guda don kada ya ɗauki wani a maimakon wani. A 1915 aka gina masa wani ƙaton ɗakin zane mai tagogi a rufi, ya shiga zana tafkinsa a kan ƙyallaye masu tsayin mita biyu.

Kashegarin ranar da aka tsai da yaƙi, cikin Nuwamba, 1918, ya rubuta wa abokinsa Kilemanso, shugaban gwamnatin Faransa, ya yi wa ƙasarsa kyautar hotuna don murnar zaman lafiya. A 1923 aka yi masa aiki a idon dama, ya sami sauƙi, ya ci gaba da gyaran hotunan. Ya rasu ran 5 ga watan Disamba, 1926, yana da shekara 86.

A watan Mayu, 1927, aka buɗe ɗakuna biyu a Faris inda aka kafa manyan hotunan badon nan, sun zagaye bango. Gidansa da lambunsa kuma an buɗe su ga jama'a a 1980. In bazara ta zo, mutane daga ƙasashe da yawa sukan tafi kallo.

Yaro mai son ya gwada abin da Mone ya gano, ba sai ya je Faransa ba. Ya zaɓi itaciya guda a bakin makaranta, ya dube ta da sassafe, da tsakar rana, da kuma almuru. Zai ga launinta uku ne, ba ɗaya ba. Mone ya yi shekara fiye da sittin yana irin wannan dubawa, ba'a ba ta hana shi ba, talauci bai hana shi ba, ciwon ido ma bai hana shi ba. Gaskiyar masu magana, mai haƙuri yakan dafa dutse.