Joe Grant, ɗan ƙauyen da ya tuƙa jirgin Sarki Abdul'aziz

A gidan kayan tarihi na Saqr al-Jazira da ke birnin Riyadh, akwai wani tsohon jirgin sama mai farfela biyu, samfurin DC-3, wanda mutanen Sa'udiyya ke ɗauka a matsayin tushen sufurin jiragen sama na farar hula a ƙasarsu. Mutumin da ya tuƙo shi zuwa ƙasar a shekarar 1945 wani Ba'amurke ne mai suna Joe Grant, wanda ya shekara 102 a duniya.

An haifi Joe Grant a shekarar 1908 a Stockton, wani ɗan ƙaramin gari na manoma a jihar Jojiya da ke kudancin Amurka, shekara biyar kacal bayan da jirgin sama mai inji ya fara tashi a duniya. Tun yana saurayi ya koyi tuƙi, a zamanin da matuƙa ke bin ƙauyuka suna sauka a gonaki, suna ɗaukar mutane shawagi na 'yan mintoci a kan kuɗi kaɗan. Sana'a ce mai kasada, amma ita ta koya masa sauka a filin da ba kwalta, ba fitila, ba mai yi masa jagora daga ƙasa. Daga baya ya kama aiki da kamfanin jiragen sama na TWA, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin matuƙan da ke yi wa sojojin Amurka jigila. Aikin ne ya kai shi birnin Alƙahira.

Ranar 14 ga watan Fabrairun 1945, Shugaba Franklin Roosevelt na Amurka ya gana da Sarki Abdul'aziz Al Sa'ud a cikin jirgin ruwan yaƙi mai suna Quincy, a mashigin ruwa na Suwez. Nan ne karo na farko da shugabannin ƙasashen biyu suka haɗu. Roosevelt ya lura sarkin yana fama da ciwon ƙafa, sai ya ba shi ɗaya daga cikin kekunansa na guragu, sa'an nan ya yi masa kyautar jirgin sama. Shi ma Firayim Ministan Birtaniya Winston Churchill, da ya gana da sarkin bayan 'yan kwanaki, ya yi alkawarin mota samfurin Rolls-Royce. Sai dai kyautar jirgin ce ta fi amfani nesa ba kusa ba.

Joe Grant aka ɗora wa nauyin kai jirgin. Ya sauka da shi a Jidda cikin watan Afrilu, daidai makon da Roosevelt ya rasu, don haka mai kyautar bai ji labarin yadda aka karɓe ta ba.

Babbar matsalar Sarki Abdul'aziz a lokacin ita ce nisa. Ƙasar da ya haɗe a shekarar 1932 tana da faɗi ƙwarai, galibinta hamada. Riyadh, fadar mulki, gari ne na ginin ƙasa mai ganuwa a tsakiyar Najad. Jidda da Makka suna can yamma, rijiyoyin mai kuma suna gabas, wajen Dahran. Tafiya daga Riyadh zuwa Jidda a mota kan ci kwanaki ana faman tono tayoyi daga yashi. Jirgin DC-3 ya mayar da ita ta 'yan sa'o'i. A ƙarshen watan Satumba na wannan shekara sarkin, wanda ya yi yaƙe-yaƙensa a kan raƙumi, ya hau jirgin a karo na farko, daga Afif zuwa Hawiyya kusa da Ɗa'if. Tafiyar ta gamsar da shi, ya kuma ba da umurni a sayo ƙarin jirage.

Kimanin shekara biyu Grant ya yi yana tuƙa sarki da 'ya'yansa da manyan jami'an gwamnati tsakanin Riyadh da Jidda da Dahran, sau da yawa yana sauka a fili fetal cikin rairayi. A nan ilimin da ya samo a gonakin Amurka ya yi masa rana. A kan waɗannan jirage aka kafa kamfanin jiragen sama na Sa'udiyya, wanda TWA ta taimaka wajen gudanar da shi shekaru masu yawa, kuma jigilar alhazai tana cikin ayyukansa na farko. Wannan kuwa a zamanin da maniyyata daga ƙasar Hausa ke ratsa Cadi da Sudan a ƙasa, wasu su shekara da shekaru kafin su ga Bahar Maliya.

Jirgin sama bai wadatar da sarkin ba, domin ba ya ɗaukar siminti da hatsi da man fetur gwargwadon bukatar babban birni. Ya nace sai an shimfiɗa masa hanyar jirgin ƙasa daga tashar ruwa ta Dammam zuwa Riyadh, kamfanin mai na Aramco ya ɗauki aikin, aka buɗe ta cikin Oktoban 1951. Bayan shekara biyu sarkin ya rasu a Ɗa'if, kuma a jirgin sama aka ɗauki gawarsa zuwa Riyadh inda aka yi masa sutura.

Shi kuwa Grant, ya koma Amurka ya ci gaba da tuƙi a TWA har ya yi ritaya. Ya buɗe shagon sayar da kayan ado na zinariya da azurfa a garin Stamford na jihar Connecticut, inda ya riƙa zuwa aiki har tsufa ya kama shi sosai.

Mutanen Sa'udiyya ba su manta da shi ba. A shekarar 1999, lokacin bikin cika shekara ɗari ta Hijira da Abdul'aziz ya ƙwato Riyadh, an gyara tsohon jirgin har ya sake tashi. Bayan kimanin shekara sittin da barinsa ƙasar, Grant ya koma Riyadh a matsayin baƙon gidan sarauta, ya tarar da garin ganuwar nan ya zama birni mai miliyoyin jama'a. An kuma karrama shi da lambar girma ta Sarki Abdul'aziz.

A shekarar 2009, yana da shekara 101, ya sake zama a kujerar matuƙin wani jirgin DC-3 a wajen baje kolin jiragen sama na Oshkosh a jihar Wisconsin. Ya rasu cikin watan Afrilun 2010.