Labarin Arnest Talman, Leburan Bakin Teku Da Ya Nemi Shugabancin Jamus

Ku sani, ya ku masu karatu, a cikin mutanen da suka yi suna a ƙasar Jamus tsakanin manyan yaƙoƙin duniya biyu akwai wani wai shi Arnest Talman. An haife shi a Hambug, babban birnin tashar jiragen ruwa, ran 16 ga Afrilu 1886. Iyayensa ƙananan 'yan kasuwa ne, shi kuwa bai yi zurfi a karatu ba. Da ƙarfinsa ya ci abinci, yana dako a bakin jiragen ruwa, yana koran keken doki. Ya shiga jam'iyyar Soshiyal Dimokurat, watau babbar jam'iyyar ma'aikata, a 1903. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi aka ɗauke shi soja, ya yi yaƙi a fagen yamma har 1918.

Bayan yaƙi Jamus ta sha kashi, Sarkinta ya sauka ya gudu Holan, aka kafa jamhuriya. A 1920 Talman ya koma jam'iyyar Kwaminis. Aƙidarsu ita ce a karɓe masana'antu da gonaki da manyan kantuna daga hannun masu su, su zama na jama'a baki ɗaya ƙarƙashin hukuma, kamar yadda aka yi a Rasha. Addini kuwa ba su ba shi matsayi ba ko kaɗan. Mai fatauci da ya ji wannan ya san inda zance ya nufa. Amma talakan Jamus da kuɗinsa suka zama takardar banza a 1923, har ana sayen burodi da miliyoyi, ya kasa kunne ƙwarai. Talman ƙaƙƙarfan mutum ne mai babbar murya, yana magana da harshen leburori, saboda haka suka riƙe shi nasu. A 1925 ya zama shugaban jam'iyyar.

A shekaran nan ne shugaban ƙasa, Firidirik Ebat, ya mutu, aka buɗe zaɓe. Dokarsu ita ce a zagaye na farko sai wanda ya sami fiye da rabin ƙuri'u, in ba a samu ba a sake, sa'an nan mai rinjaye ya ɗauka ko da bai kai rabi ba. Aka kaɗa na farko ran 29 ga Maris, ba wanda ya kai. Sai masu ƙyamar jamhuriya suka ɗauko tsohon sarkin yaƙi, Hindinbag, yana da shekara 77. Masu son jamhuriya kuma suka haɗa kai, har 'yan Soshiyal Dimokurat suka janye ɗan takararsu, Oto Buraun, suka bi Wilham Makis na jam'iyyar Katolika. Kada a ruɗe, wannan ba shi ne Kal Makis mai littattafan kwaminisanci ba, suna ne kawai ya zo ɗaya.

To, a nan ne maganar take. Talman ya sani sarai ba zai ci ba, gama a zagayen farko rabonsa bai wuce bakwai cikin ɗari ba. Duk da haka jam'iyyarsa ta ƙi janye shi, suna ganin da Hindinbag da Makis duk barorin masu dukiya ne. Ran 26 ga Afrilu aka ƙidaya: Hindinbag miliyan 14 da dubu 600 da ɗoriya, Makis miliyan 13 da dubu 700 da ɗoriya, Talman miliyan 1 da dubu 900. Tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu wajen dubu 900 ce, abin da ke hannun Talman kuwa ya ninka ta. Adalci dai shi ne a faɗi cewa ba shi kaɗai ke da alhaki ba, domin jam'iyyar Katolikan Bafariya ta bar ɗan'uwanta a addini ta bi Hindinbag, kuma ba tabbas mabiyan Talman duka za su yarda su zaɓi Makis. Amma lissafin nan ya bi shi har kabari.

A 1928 wani na kusa da shi a Hambug ya ci kuɗin jam'iyya, Talman ya rufa masa asiri. Da abin ya tonu manyan jam'iyya suka dakatar da shi, sai Sitalin ya sa baki daga Masko aka mayar da shi kan kujerarsa. Tun daga ran nan bai ƙara saɓa wa Masko ba. Umurnin Masko kuwa a lokacin shi ne a ɗauki 'yan Soshiyal Dimokurat a kan manyan abokan gaba. Ma'aikata suka rabu gida biyu suna zagin juna, alhali jam'iyyar Hitila tana ta ƙaruwa.

Wa'adin shekara bakwai ya cika, aka sake zaɓe a 1932, lokacin da marasa aiki a Jamus suka kai wajen miliyan 6. Abin mamaki, waɗanda suka ƙi Hindinbag a da su ne yanzu suka rungume shi don tsoron Hitila. Talman ya sake tsayawa, ya zaga birane yana gargaɗi cewa zaɓen Hindinbag hanya ce ta kawo Hitila, Hitila kuwa yaƙi zai kawo. Ran 13 ga Maris ya sami kusan ƙuri'a miliyan 5, watau 13 cikin ɗari. A zagaye na biyu, ran 10 ga Afrilu, ya sauko zuwa miliyan 3 da dubu 700, Hindinbag ya ci. Gargaɗinsa ya tabbata ba ragi, gama ran 30 ga Janairu 1933 Hindinbag da hannunsa ya naɗa Hitila shugaban gwamnati. Sai dai mai gargaɗin yana cikin waɗanda suka share wa tsohon hanya tun 1925.

Ran 27 ga Fabrairu majalisar dokoki ta kama wuta, aka ɗora wa 'yan Kwaminis. Ran 3 ga Maris aka kama Talman a Balin. Shekara goma sha ɗaya ya yi a kurkuku, yawanci shi kaɗai a ɗaki, daga Balin zuwa Hanoba zuwa Bautsen, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. An doke shi, bai bar aƙidarsa ba, kuma ko maƙiyinsa ya shaida masa wannan jimiri. A 1939 Sitalin ya ƙulla yarjejeniya da Hitila, matar Talman, Roza, ta yi ta kai kuka ofishin jakadan Rasha, amma uban gidan da ya bauta wa bai fitar da shi ba.

Ran 18 ga Agusta 1944 aka kai shi sansanin Bukanwald aka harbe shi bisa umurnin Hitila, yana da shekara 58, sa'an nan hukuma ta ba da sanarwa wai bom na jiragen abokan gaba ne ya kashe shi. Bayan yaƙi gwamnatin Jamus ta Gabas ta sa sunansa a tituna da makarantu da ƙungiyar yara ta ƙasa. Gwamnatin nan ta rushe a 1990, amma babban mutum-mutuminsa da ta kafa a Balin a 1986 ba a tumɓuke shi tare da ita ba.