Paul Sabatier, Masanin Kimiyyar da Ya Ɗaga Darajar Gyada

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kowa ya ji labarin dalar gyada ta Kano. Amma ba kowa ya san cewa wani Bafaranshe, wanda ake kira Paul Sabatier, yana da hannu cikin wannan arziki ba.

An haifi Sabatier ran 5 ga Nuwamba, 1854, a garin Carcassonne, kudancin ƙasar Faransa. Ya yi karatu mai zurfi a birnin Faris, ya zama Dakta a 1880. Cikin 1882 ya koma birnin Tulus yana koyarwa, bayan shekara biyu aka naɗa shi Farfesan ilimin haɗa sinadarai.

Babban aikinsa shi ne binciken abin da ke sa sinadarai biyu su haɗu da sauri. Irin wannan abu kamar dillali yake a kasuwar Rano. Yakan karɓi kaya daga hannun wannan ya miƙa wa wancan, sai dai shi ba ya cin la'ada, yadda ya shiga haka yake fita. A 1897 Sabatier da abokin aikinsa Senderens suka gano cewa garin ƙarfen nikel yana yin wannan dillanci tsakanin iskar haidirojin da waɗansu sinadarai.

To, ina ruwan gyada da wannan? A 1901 wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya bi wannan hanya ya daskarar da man tsirrai. Da haka masana'antun Turai suka sami damar yin bota da sabulu da shi, suka shiga neman gyada ruwa a jallo. Ana nan sai hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Daga 1912 manoma suka dukufa noman gyada, fatake irin su Alhasan Ɗantata suna saye, ana ɗauka zuwa Ikko.

A 1902, Sabatier da Senderens suka haɗa haidirojin da iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi, suka sami ruwa da iskar gas mai kama wuta. A 2010 an kafa na'ura mai aiki da wannan dabara a tashar sararin samaniya, don 'yan sama-jannati su sami ruwa.

An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1912, tare da Victor Grignard. An yi masa tayin manyan muƙamai a Faris, ya ƙi, ya gwammace ya zauna a Tulus ya koyar da 'ya'yan yankinsu. Nan ya mutu ran 14 ga Agusta, 1941. Daga baya an sa wa wata jami'a a birnin sunansa.

Abin lura, gyadar tamu ce, amma masu ilimin sarrafa ta su suka ci mafi yawan ribar. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana mu daina gudun darasin kimiyya, iyaye kuma su bar mu mu kai ƙarshen karatu. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.