Tarihin Shehu Rifa'atu na Ɗahɗa, Malamin Masar

Yau za mu kawo labarin Shehu Rifa'atu Ɗahɗawi, Allah Ya jiƙansa.

An haife shi a garin Ɗahɗa, kudancin Masar, cikin shekarar 1216 ta Hijira, watau 1801. Gidansu gidan asali ne, amma dukiya ta riga ta gushe. Ya haddace Alƙur'ani tun yana yaro, kana ya tafi Azhar a 1817, ya zauna gaban Shehu Hasanul Aɗɗar. Shi wannan malami shi ne ya gabatar da sunansa sa'ad da Muhammadu Ali, mai mulkin Masar, zai aika da samari Faransa neman ilmi a 1826. Limanci aka tura shi ya yi musu. To, sai liman ya ɗauki alƙalami tare da mamu, ya koyi Faransanci, ya shekara biyar yana karatu da tarjama.

Da ya komo gida aka ba shi riƙon Makarantar Harsuna a 1835. A nan ya gwama Larabci da fiƙihu da lissafi da tarihi da labarin ƙasa a zaure guda, ya ɗebo almajirai daga makarantun larduna, har da 'ya'yan talakawa. Mu malaman allo da muke tsoron kada sabon ilmi ya kore tsoho, ya kamata mu lura wanda ya yi wannan gamin mahaddaci ne, ɗan Azhar.

Amma mulki juyi gare shi. Da Abbas ya hau, aka rufe makarantar, aka kai Shehu Hartum a 1850 da sunan shugabancin wata ƙaramar makaranta, alhali kuwa kora ce. Shekara huɗu ya yi can, waɗansu abokan tafiyarsa suka rasu, sai 1854 ya dawo.

A zamanin Isma'ilu aka sa shi cikin masu shirya al'amuran makarantun ƙasa. A 1872 ya wallafa Almurshidul Amin, littafin karatu na 'yan mata da samari baki ɗaya. Ya kafa hujja da matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa a cikinsu akwai masu karatu. Ya nuna ilmin mace na gyara zaman aure da tarbiyyar 'ya'ya, yana kuma ba ta ikon yin sana'a in bukata ta kama. Wannan magana ta yi wa mutane da yawa nauyi a lokacin, ko yanzu ma akwai gidajen da allon ɗiya ke tsayawa a izu biyu, na ɗa namiji ya kai sauka.

A 1873 aka buɗe makarantar 'yan mata ta Suyufiyya a Alƙahira, ta farko ta hukuma. A shekarar nan ce, 1290 ta Hijira, Shehu ya yi wafati. Allah Ya haskaka kabarinsa, amin.