Asusun Tata: Tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata

Allah Ya maimaita mana wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu. A bana mun ga ya dace mu tuna da wani bawan Allah da kowa ya san sunansa a ƙasar Kano, amma ba kowa ya san cewa mace ce ta ɗora shi a kan hanya ba.

An haifi Alhassan a garin Bebeji a shekarar 1877. Mahaifinsa Abdullahi Ba'agale ne, cikin fataken da ke zuwa Gwanja sayo goro. Mahaifiyarsa Amarya ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta. Yana ɗan shekara takwas ko kusa da haka mahaifin ya rasu, mahaifiyar kuma ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu, ta bar shi a hannun wata dattijuwar gidan mai suna Tata. Sunanta ne ya bi shi har ya zama Ɗantata.

Gadon da ya samu bai daɗe ba ya ƙare. Ya shiga makarantar allo, yana karatu yana 'yan aikace-aikace don ya ci abinci, kamar sauran almajirai. To a nan ne Tata ta yi masa abin da ya fi gado. Ta saba masa da ajiya. Duk abin da ya samo, komai ƙanƙantarsa, sai an cire wani abu an jefa a asusu, a lokacin kuwa kuɗin wuri ake kashewa. Kun ga ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hanyar ba ta zo masa da sauƙi ba. Yana saurayi ya bi ayari har Ankara wurin mahaifiyarsa, ya dawo. Da Yaƙin Basasa ya ɓarke a Kano a 1893, an ci Bebeji, aka kama shi tare da 'yan uwansa, sai da aka fanshe su. Wani da ya sha irin wannan, da ya ce shi kam ba shi da rabo. Shi kuwa ya koma fataucin goro, ya sake tarawa daga tushe. Daga baya ya riƙa bi ta Legas yana ɗora kayansa a jirgin ruwa zuwa Ankara da Sekondi, abin da fatake kaɗan ne suka yi a wancan zamani.

Da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano a 1912, gyaɗa ta yi daraja. Kakanninmu na wannan yanki, daga Bichi zuwa Ɗambatta da Minjibir, suna cikin waɗanda suka noma ta a gonakinsu na gado, suna kai taki a kan jaki. A 1918 kamfanin Turawa na Neja ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa. Dama ce ta zo, amma ta tarar da mutum mai jari a hannu, wanda kuma an san shi da cika alkawari. Yana ba wakilansa kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo, su dawo a zauna a yi lissafi. Kafin shekarar 1922 ta fita ya zama attajirin da ya fi kowa a Kano. A 1929, da Bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a birni, ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙumi 20. Yaron asusu ne dai, asusun ne kawai ya girma.

Duk da wannan arziki an san shi da sauƙin kai da ƙin almubazzaranci, ga riƙo da addini. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari cikin birnin Kano. 'Ya'yansa irin su Sanusi da Aminu suka ci gaba da kasuwancin, kuma Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

To 'yan uwa, me ya sa muka kawo wannan tarihi? Saboda mun san inda ƙafarmu take zamewa. Mace za ta yi watanni tana zubin adashi, tana soya ƙuli-ƙuli, tana tatsar man gyaɗa, ranar da ta kwashi kuɗinta sai ga biki ya taso, a yi anko, a yi gudummawa, uwar kuɗi ta tafi. Wata kuma ta karɓi rancen ƙungiya, ta haɗa shi da kuɗin cefane a gefen zane ɗaya, ranar biya a rasa na jari a rasa na riba. Idan zubin mace ɗaya ya tsaya, rancen 'yar uwarta ne ya tsaya, wadda take jira ta sayi buhun gyaɗa da kaka tun tana araha.

Ba mu ce kowa za ta tara lodin raƙumi ba, arziki na Allah ne. Abin da ke hannunmu shi ne mu ware jari daban da kuɗin ci, mu yi zubi ranar zubi ko da kaɗan ne, mu sa a rubuta mana abin da ya shiga da abin da ya fita. Sannan kowace ta saya wa ɗanta ko 'yarta asusun ƙasa a kasuwar mako, ta koya masa jefawa kamar yadda Tata ta yi. Ai da yayyafi kogi kan cika.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan, Ya jiƙan Tata da ta rene shi. Allah Ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, Ya kai mu baɗi lafiya. Amin.